Jerinmu na SharePoint ya haura 5,000, manhajata ta tsaya cak: in yi faci ko in rushe?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku taimaka wa ƙaninku, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

A wurin aikinmu kowane sashe yana shigar da buƙatar sayen kaya a wani jeri na SharePoint, dandalin Microsoft na ajiye takardu da jeri don aikin haɗin gwiwa, irin na gajimare, wato wanda ke kan sabar Microsoft ba tamu ba. Wanda na gada ya rubuta wata 'yar manhaja da ke tashi duk minti biyar, ta kira Lists.asmx, tsohuwar ƙofar da manhajoji ke bi su karanta jeri, da GetListItems, ta kwaso duk buƙatun da aka amince da su, ta zuba a rumbun bayanan sashen kuɗi. Shekara da shekaru tana aiki, ba wanda ya ko leƙa ta. Ranar Litinin jerin ya haura layi 5,000, sai ta fara dawo da kuskure wai an wuce iyakar da aka yarje wa tambaya.

Ni kuma da wayona sai na ce bari in riƙa kiran layukan ɗaya bayan ɗaya da lambarsu. An gudu ba a tsira ba: yanzu kuskure mai lamba 429 nake samu, wato kira ya yi yawa, kuma wasu buƙatun sun shiga rumbun kuɗi sau biyu. Shugaban sashen ya zo da takarda a hannu ya nuna min kujeru arba'in da aka nemi a saya sun koma tamanin. In yi faci ne, ko in rushe in sake gini?

Mai_Kod:
Wa alaikumus salam. Abokina rushe kawai. Lists.asmx a wannan zamanin? SOAP ne fa, tsohon salon aika saƙo tsakanin manhajoji, da ambulan ɗin XML da CAML a ciki. Microsoft Graph, sabuwar ƙofar manhajoji zuwa bayanan Microsoft, ta fito tun 2015, JSON ne tsaf, kana buɗe amsar ka karanta da idonka. Akwai delta, wato tambayar abin da ya canja kaɗai, a kan layukan jeri: kiran farko ka kwashe komai shafi-shafi ta @odata.nextLink, a ƙarshe a ba ka @odata.deltaLink ka adana. Gobe da shi za ka koma, abin da ya canja kaɗai za a miƙo maka. Aikin yini ɗaya ne.

Dattijon_Saba:
Ɗana Sabon_Hannu, kafin ka ɗauki guduma ka fahimci abin da ya same ka, don in ba haka ba sabon ginin ma a ramin nan zai faɗa.

Wannan 5,000 ba iyakar abin da jeri zai iya ɗauka ba ce. Jeri ɗaya yana cin layi har miliyan 30. Iyaka ce ta yawan layukan da tambaya guda za ta taɓa kafin ta samo amsa. Asalinta daga SQL Server ne da ke ƙarƙashin SharePoint: idan aiki ɗaya ya riƙe makullan layuka kusan 5,000, rumbun yakan ga ya fi masa sauƙi ya kulle teburin gaba ɗaya, kuma teburin nan ba naka ba ne kai kaɗai. Lokacin da sabar take ɗakinmu, mai kula da ita na iya ɗaga lambar, mukan ɗaga kuma mu sha wuya daga baya. A gajimare ba ka da wannan maɓallin.

Tambayarka tana cewa "ba ni duk wanda matsayinsa An Amince". Idan ginshiƙin matsayi ba shi da fihirisa, wato index mai kai tambaya kai tsaye ga layukan da take nema, dole a bi kowane layi a duba, shi ne ka ci karo da bango. Ka sa masa fihirisa yau, ka tabbata abin da tacewar farko za ta dawo da shi bai kai 5,000 ba, ka kuma riƙa karɓa shafi-shafi. Wannan zai ba ka numfashi.

Kai kuma Mai_Kod, a daina ɗora wa SOAP laifin da ba nasa ba. A cikin Lists.asmx ɗin nan da kake rainawa akwai GetListItemChangesSinceToken tun zamanin SharePoint 2007. Delta ɗin da kake taƙama da shi, kakansa ke nan. Wanda ya rubuta manhajar ne bai yi amfani da shi ba. Mutumin da ke kwaso jeri kacokan duk minti biyar, ko Graph ka ba shi haka zai yi.

Mai_Kod:
Baba na yarda da maganar fihirisa, ban kuma san da wancan kiran ba, na ƙaru. Amma ai ba za ka ce yaro ya zauna kan hanyar da masu ita suka daina raya ta ba. Tun SharePoint 2013 aka kawo _api mai REST da OData, aka ce jama'a su koma can.

Dattijon_Saba:
Ban ce ya zauna ba. Cewa na yi ya tsayar da jinin tukuna, sannan a yi maganar tiyata. Ba a fafe gora ranar tafiya, ga sashen kuɗi tsaye a kansa.

Hajiyar_Tsaro:
Duk kun tsallake abin da ya fi tsaya min a rai. Ƙanena, da wane suna manhajar nan take shiga SharePoint? Kada ka rubuto sirrin a nan, ka dai faɗa min irinsa.

Sabon_Hannu:
Hajiya, da asusun wani ma'aikaci ne na musamman. Sunan da kalmar sirrin suna cikin fayil ɗin saiti kusa da manhajar. Yanzu da na duba, asusun yana cikin masu kula da dukkan shafukanmu.

Hajiyar_Tsaro:
Innalillahi. Wato duk wanda ya iya buɗe wannan fayil ya mallaki takardun ma'aikata, da kwangiloli, da duk abin da shugabanninku suka ajiye. Don a karanta jeri ɗaya tak. Kuma na tabbata an cire wa asusun tantancewa mai mataki biyu, don manhaja ba ta da wayar da za a turo wa lamba.

Ni a wurina wannan kaɗai ya isa dalilin sake gini, ba 5,000 ba. Ka yi wa manhajar rajista a Microsoft Entra ID, mai tantance masu shiga, wanda ake kira Azure AD kafin 2023, ta samu shaidarta ta kanta ta hanyar OAuth 2.0. Izini iri biyu ne. Akwai wanda manhaja ke aiki a madadin mutumin da ya shiga, ba ta ganin abin da shi ba ya gani. Akwai wanda take aiki da sunan kanta ba kowa a zaune, irin naka ke nan. A nan ake yin ɓarna, domin mutum zai ga Sites.ReadWrite.All ya danna saboda shi ne ba ya ba da wahala. Wannan makullin kowane ɗaki ne a gidan. Ka nemi Sites.Selected, sannan mai kula ya ba manhajar izinin shafin nan guda ɗaya. Idan karatu kawai take yi, a ba ta karatu kawai.

Ka kuma yi amfani da satifiket, wato fayil ɗin shaida na dijital, maimakon kalmar sirrin manhaja. In ma _api na SharePoint za ka kira da sunan manhaja ta Entra, satifiket ɗin dole ne, kalmar sirri ba ta wucewa a can, ko da yake Graph tana karɓarta. Sannan idan ka ci karo da tsohon darasi a intanet yana ce maka ka shiga appregnew.aspx, rufe shafin. Tsohon tsarin ba manhaja shaida ne mai suna ACS, kuma Microsoft ta sa 2 ga Afrilu 2026 a matsayin ranar rufe shi.

Sabon_Hannu:
Na gode Hajiya, jikina ya yi sanyi. To batun 429 fa? Na sa manhajar ta sake gwadawa nan take idan ta samu kuskure, amma abin sai ƙaruwa yake.

Dattijon_Saba:
Ai dole. An ce maka dakata, kai kuma kana ƙara buga ƙofa. Kiran da aka ƙi ma ana lissafa shi cikin kasonka, don haka kai kake tsawaita wa kanka horon. Buɗe kan amsar da ta zo da 429, ko 503, za ka ga Retry-After da adadin daƙiƙoƙi. Ka jira daidai wannan, kada ka rage ko ɗaya. In babu shi, ka jira daƙiƙa biyu, sai huɗu, sai takwas, kana ninkawa, ka kuma sa iyakar da za ka haƙura ka rubuta a log cewa abin ya gagara.

Mai_Kod:
Ko ya haɗa kiran a dunƙule, Graph tana karɓar buƙata 20 a $batch ɗaya.

Uwar_Rumbu:
Tana karɓa, amma kowace buƙata a cikin dunƙulen lissafinta daban. Za ka iya samun 200, lambar da ke nufin lafiya lau, a waje, ka buɗe ciki ka tarar bakwai sun dawo da 429. Na ga wanda ya duba ta wajen kawai ya wuce abinsa.

Ni bari in koma kan kujeru tamanin, don nan ne fannina. Ƙanena, wannan ba laifin SharePoint ba ne ko kaɗan, teburinka ne ba shi da mai gadi. Duk hanyar da ta ratsa intanet, wata rana saƙo zai zo sau biyu: ka rubuta a rumbu, layi ya yanke kafin ka adana alamar inda ka tsaya, ka dawo ka sake. Delta ma a rubuce yake cewa abu ɗaya na iya fitowa fiye da sau ɗaya. Maganin shi ne ka ajiye lambar layin SharePoint a teburinka, ka sa mata sharaɗin ba ta maimaituwa. Idan ta zo kuma akwai ta, a sabunta, kada a ƙara. Da wannan ko sau goma aka turo, kujera arba'in ce. Kuma kada ka adana sabon deltaLink sai bayan rumbu ya tabbatar ya karɓi duk abin da ka zuba.

Abu na biyu, kuma na san Mai_Kod zai yi tsalle: ka gina ɗan sabis naku a tsakiya. Shi kaɗai zai san SharePoint. Sauran manhajojin gidan su riƙa tambayarsa, ya ba su amsa da sunayen da kuka zaɓa.

Mai_Kod:
Anti kin san ni kuwa. Yaro ya zo da ciwon kai, kina rubuta masa aikin wata uku. Sabis a tsakiya yana nufin wata sabar da za a kula da ita, wani satifiket da zai ƙare, wani wurin da zai mutu da tsakar dare. Graph ɗin ai ita ce sabis na tsakiya, ƙwararru sun riga sun gina. Don me zai sake ɗora wata rumfa a kan rumfa? Manhaja ɗaya ce fa ke karanta jeri ɗaya.

Uwar_Rumbu:
Bari in ba ka labarin abin da ya sa na koma wannan ra'ayi, ni ma da irin naka ne da ni.

Muna da jeri mai ginshiƙi sunansa Adadi. Wata rana mai kula da jerin, baiwar Allah mai son tsari, ta ga ana rubuta haruffa a ciki, sai ta canja masa suna zuwa Tsohon Adadi, ta buɗe sabo na lamba zalla ta sa masa Adadi. A fuskar allo komai ya yi kyau. Abin da ba ta sani ba, kuma ba aikinta ba ne ta sani, shi ne kowane ginshiƙi suna biyu gare shi. Akwai na allo da ake canjawa, akwai na ciki da ake yanka masa ranar haihuwa, ba ya canjawa har abada. Shi ya sa za ka ga Ranar Biya ta koma Ranar_x0020_Biya a cikin amsa. To tsohon ya riƙe Adadi a ciki, sabon ya zama Adadi0. Manhajojinmu huɗu suka ci gaba da karanta tsohon, wanda ba mai cika shi kuma. Ba kuskure ko ɗaya a log, 200 ke dawowa lafiya lau, sai dai fanko. Sai da aka zo haɗa rahoton ƙarshen wata muka farga. Na bi manhaja huɗu ina gyara abu ɗaya, biyu daga ciki ma sai da na yi cigiyar inda kod ɗinsu yake.

Dandalin haɗin gwiwa an yi shi ne don mutanen da ba masu kod ba su taɓa shi. Za su ƙara ginshiƙi, za su goge zaɓi, za su mayar da fayil wani wuri, kuma haƙƙinsu ne. Ba rumbun bayanai ba ne da kai kaɗai ke riƙe da makullinsa. Ina son wuri ɗaya da zai sha wannan girgizar, ya kuma yi ihu idan filin da bai kamata ya zo fanko ba ya zo fanko.

Dattijon_Saba:
Ku biyun kuna da gaskiya, adadi ne zai raba ku. Ɗana, tsakaninka da Allah, manhaja nawa ke taɓa jerin nan?

Sabon_Hannu:
Baba na ɗauka ɗaya ce. Da na bincika asusun nan da Hajiya ta sa na duba, sai na ga uku ne ke shiga da shi: tawa, da ta ma'ajin kaya, da wata mai tura wa shugabanni rahoto kowace safiya. Ta ma'ajin har rubutu take yi a jerin.

Mai_Kod:
To na sauko rabi. Uku da asusu ɗaya, wannan kam a raba su. Amma ina nan kan bakana cewa kada ya gina wani katafaren abu. Ƙofa uku ta ishe shi: ba ni buƙatun da aka amince, ba ni buƙata mai lamba kaza, sa wa buƙata kaza alamar an kawo kaya. Ya sa v1 a adireshin tun yau don ranar da zai canja siffar amsa. In na ji ya fara maganar Kubernetes, tsarin kula da tarin sabis, zan fita daga zauren nan.

Uwar_Rumbu:
A kan wannan ba mu da faɗa. Tunda akwai mai rubutu, a ƙara ETag. Kowane layi yana zuwa da alamar sigarsa. In za ka gyara, ka mayar da ita a If-Match. Idan wani ya riga ka taɓa layin, za a ce maka 412, sai ka sake karantawa ka duba. Yawancin misalan intanet tauraro suke sawa a wurin, ma'anarsa "taka duk abin da ka tarar". Ranar da manaja ya soke buƙata, daƙiƙa biyu bayan haka manhajarka ta mayar da ita An Amince, za ka gane kuɗin tauraron nan.

Ɗan_Leƙe:
Ina bin ku a ɓoye tun safe. Tambaya: me ya sa ba zai sa webhook ba, SharePoint ta riƙa buga masa ƙararrawa da kanta, ya huta da tambaya duk minti biyar?

Dattijon_Saba:
Zai iya, amma ya san halin ƙararrawar. Na farko, ba ta faɗa maka abin da ya canja, cewa kawai take "an taɓa jerin nan". Kai za ka koma da alamarka ka tambayi canjin, wato delta ko GetChanges na nan daram. Na biyu, ta SharePoint tana son amsa cikin daƙiƙa biyar, don haka ba a aiki a bakin ƙofa: ka karɓa, ka jefa a layin jira, ka ce na ji, wani ya yi aikin a baya. Na uku, dole adireshinka ya zama ana iya isa gare shi daga waje ta HTTPS, Hajiya kuwa za ta so ta ji wa ya buɗe wannan tagar. Na huɗu shi ne wanda ya taɓa kayar da ni. Rajistar tana ƙarewa, mafi tsawonta kwana 180. Na kafa tawa, ta yi aiki kamar agogo, na manta da ita. Bayan wata shida ta yi shiru. Ba kuskure, ba saƙo, shiru kawai, kuma shiru kama yake da "ba abin da ya canja". Kwana tara muka yi a haka. Laifina ne, a rubuce yake ban sa aikin sabuntawa ba.

Don haka ko ka sa ƙararrawa, ka bar mai zagaye yana duba delta ko sau ɗaya a awa. Ga buƙatar sayen kujeru kuwa, ni ban ga abin da minti biyar ya rage ba. Delta kaɗai ya wadatar.

Hajiyar_Tsaro:
In dai ya sa, ya cika clientState da wani sirri ya riƙa dubawa, don kowa na iya turo saƙo adireshin ya ce shi SharePoint ne. Amma ina bayan Dattijon_Saba, a bar tagar a rufe tunda ba a matse ake ba.

Sabis na tsakiyar nan kuma, kada a ɗauka don yana cikin gida sai a bar shi ba mai tambayar shaida. Shi ke riƙe da izinin yanzu. In duk wanda ke kan layin ofis zai iya kiransa, kun dawo gidan jiya, kun dai canja wa fayil ɗin saiti kaya ne. Kowace manhaja cikin ukun ta zo da tikitinta, mai rahoto kuma kada a ba ta ƙofar rubutu.

Sabon_Hannu:
Jama'a na dawo bayan mako biyu, Allah ya saka da alheri. Fihirisa ta tsayar da kuskuren a ranar, kamar yadda Baba ya ce. Na sa sharaɗin rashin maimaici a teburin, na share buƙatu goma sha ɗaya da suka shiga sau biyu. Sabis ɗin ya tashi da ƙofa uku, yana bin delta da Sites.Selected da satifiket, tawa da mai rahoto sun koma kansa. Ban ga 429 ba tun ranar.

Abu biyu suka ba ni wuya. Ranakun suna zuwa da lokacin UTC, agogon duniya da ke bayan namu, sai buƙatar da aka shigar bayan sha biyun dare ta riƙa faɗawa jiya a rahoto, sai da na juya su. Sannan na gwada tsohon deltaLink da gangan na ga abin da zai faru in aka ce min 410 a sake daga farko, manhajar ta kwashe komai ba ta ninka ko layi ɗaya ba. Anti Uwar_Rumbu, na yi miki addu'a a wurin.

Ta ma'ajin kaya ce ta rage. Mai ita ya ce ba zai taɓa abin da ke aiki ba sai bayan ƙidayar kaya.

Hajiyar_Tsaro:
Wato tsohon asusun na nan da ransa, da kalmar sirrin da ke cikin fayil?

Sabon_Hannu:
Yana nan Hajiya. Amma na sa an cire shi daga masu kula da shafuka, jerin nan kaɗai yake gani yanzu, an kuma canja kalmar.

Hajiyar_Tsaro:
Da sauƙi. Ka sa mai ma'ajin ya ba ka rana a rubuce, ka tura wa shugabanku kwafi. Satifiket ɗin naka yaushe zai ƙare?

Sabon_Hannu:
Shekara ɗaya na ba shi. Ban sa tunatarwa ba tukuna.

Dattijon_Saba:
Sa yanzu, muna jira. Kuma ba a kalandarka kai kaɗai ba.

Sabon_Hannu:
Na sa, wata guda kafin ranar, ni da mutum biyu a sashenmu.